Turbar Tafkin Burke da Hurumin da Muke Cikewa

Duk lokacin da wani babban jami'inmu ya dawo daga ziyarar aiki a Turai ko Amurka, tsarabar da yakan kawo mana ba ta wuce labarin gadojin sama, da dogayen benaye, da jiragen da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. Su ne ido ke fara gani, su ne kuma ke da kwangila mai maiƙo idan aka tashi kwaikwayo. Akwai wani abu da ba a cika kawo labarinsa ba, saboda ba shi da tsayin da za a ɗaga kai a kalla, kuma ba a tara makaɗa da 'yan jarida ranar buɗe shi. Wannan abu shi ne 'yar turbar ƙafa da ke zagaye wani ruwa a wajen gari, wadda kaka da jikanta za su iya bi har su gama ba tare da an goya ɗaya ko an tallabi ɗaya ba. A wannan mako ina so mu ɗauki guda daga cikin irin waɗannan turbobi mu dube ta da idon basira, domin akwai tambaya a cikinta ga duk mai hannu a rabon filaye a garuruwanmu.

Tafkin Burke yana cikin gundumar Fairfax ta jihar Birjiniya, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Washinton, babban birnin Amurka. Faɗin ruwan eka 218 ne, yana kwance a tsakiyar wani wurin shaƙatawa mai faɗin eka 888. Turbar da ta zagaye shi tsawonta mil 4.7, wato kusan kilomita bakwai da rabi. Mafi yawanta tsakuwa ce da aka daddaɓe, irin abin da mu za mu kira hanyar burji, sai ɗan wani yanki da aka yi wa kwalta. Tana ratsa inuwar dogayen itatuwa, ta leƙa bakin ruwa, ta koma cikin kurmi, ta hau kan madatsar da ta tare ruwan, sannan ta maido da mutum daidai inda ya fara. Mai tafiya da sauri zai gama ta cikin awa ɗaya da rabi. Wanda yake tare da yara, masu tsayawa kallon kowace agwagwa da kowace kififiya, zai ci awa biyu ko fiye.

A tsakiyar tafkin akwai wani ɗan tsibiri mai suna Vesper da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, an hana mutane sauka a kansa. An hana iyo a cikin ruwan, an kuma hana jiragen ruwa masu injin fetur, sai kwalekwalen tuƙi da mai ƙaramin injin lantarki. Mai son kamun kifi sai ya mallaki lasisin jiha. Kusa da inda ake ajiye motoci akwai ƙaramin jirgin ƙasa na yara, da lilo mai juyawa da dawakan wasa, da rumfunan da iyali ke zama su ci abin da suka zo da shi. Na bi wannan turba sau ɗaya, wata ranar Asabar bayan wani taron ilimi da ya kai ni yankin, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da na gani a kanta. Na wuce tsoho da tsohuwarsa, kowa da sandarsa. Na wuce mai juna biyu tana takawa a hankali, da magidanci yana tura keken jariri, da wasu mata sanye da hijabi suna tafe suna hira, yaransu na gaba da su a guje. Babu wanda ya yi kama da ɗan wasan motsa jiki a cikinsu, kuma domin irinsu aka yi turbar.

Sauƙin nan da mai tafiya ke ji a ƙafarsa yana da dalilai, kuma ya kamata mu san su. Ruwan da ke kwance ba ya da tudu ba ya da gangare, saboda haka duk hanyar da ta bi gaɓarsa dole ta zama kusan shimfiɗaɗɗiya. Wanda ya shata turba a bakin tafki ya samu aikin da ruwa ya riga ya yi masa kyauta, aikin da sai an kawo katafila kafin a same shi a wani wurin. Zagaye kuma yana da hikimarsa. Hanyar da ta miƙe tana tilasta wa mutum ya yi lissafin dawowa, ko ya nemi abin hawa a ƙarshenta, amma wadda ta zagaya tana maido shi wurin da ya bar kayansa. Baƙo ba zai ɓata a kanta ba muddin ya bar ruwan a gefe guda na jikinsa. Kowa yana wucewa ta gaban kowa, don haka mai mugun nufi ba shi da lungun fakewa. Sai inuwa, da benci nan da can domin mai gajiya, da makewayi a inda jama'a ke taruwa, da dokar da ta hana abin hawa mai inji bin turbar. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar fasahar da ta gagare mu.

Abin da ya fi wuya a cikin al'amarin duka shi ne filin kansa, kuma tarihinsa ya isa a tsaya a kansa. A shekarar 1951 gwamnatin tarayyar Amurka ta ba da sanarwar cewa za ta karɓi sama da eka 4,000 a yankin Burke domin gina sabon filin jirgin sama na Washinton. A lokacin Burke ƙauye ne na manoma. Gwamnati ta fara karɓe gonakin mutane, wasu iyalai suka tashi daga inda suka gada. Sauran mazauna yankin suka ƙi yarda, suka haɗa kai, suka yi shekaru suna kai ƙorafi ga 'yan majalisa da hukumomi. A 1958 Shugaba Eisenhower ya zaɓi wani wuri dabam, kusa da Chantilly, kuma a can aka gina filin jirgin Dulles da aka buɗe a watan Nuwambar 1962. Sai gwamnati ta wayi gari da makeken fili a hannunta a Burke wanda ba ta da abin yi da shi.

Mai karatu ya tsaya a nan ya tambayi kansa abin da zai faru da irin wannan fili a garinsu. A can an sayar da wani ɓangare, wani ɓangaren kuma ya koma hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta gundumar, wadda aka kafa tun 1950. Hukumar jiha mai kula da namun daji da kifi ta datse wani rafi da ake kira South Run a farkon shekarun 1960, ruwa ya taru ya zama tafki, aka buɗe wurin ga jama'a a 1963. A wancan lokaci babu cunkoson da zai sa wani ya ji yana buƙatar wurin shan iska, domin ko'ina daji ne da gonaki. Yau gundumar Fairfax tana da mutane sama da miliyan ɗaya, gidaje sun mamaye gonakin da, kuma da an jira sai yanzu kafin a nemi eka 888 a wuri ɗaya, da babu baitulmalin da zai iya sayen su. An keɓe filin tun kafin a buƙace shi, shi ya sa aka same shi ranar da aka buƙace shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda ake riƙe wurin ma abin lura ne. Hukumar gundumar tana kula da wuraren shaƙatawa sama da 400 a kan fili sama da eka 23,000. Idan za ta sayi sabon fili ko ta yi babban gyara, akan sa maganar cin bashin aikin a takardar ƙuri'a ranar zaɓe, masu biyan haraji su amince ko su ƙi. A Burke mazaunin gundumar yana shiga kyauta, wanda ya zo daga wata gunduma kuma yana biyan kuɗin shigar mota a ranakun ƙarshen mako da na hutu a watannin da jama'a ke yawa. Wanda ya kaɗa ƙuri'a a kan abu, ya kuma san da harajinsa ake riƙe shi, ba zai yi shiru ba ranar da ya ga an kafa turakun awo a bakin ruwan.

Kada kuma a ɗauka aljannar duniya nake kwatantawa. Fairfax tana cikin gundumomi mafiya arziki a Amurka, kuma wanda ba shi da mota zai sha wuya kafin ya isa Burke, kamar yadda lamarin yake a yawancin unguwannin wajen garinsu. Jihar Birjiniya ɗin nan da ta buɗe wuraren shaƙatawarta na jiha a 1936 ta yi shekaru tana hana baƙar fata shiga, har sai da ta ware musu nasu dabam a gundumar Prince Edward a 1950, kuma wariyar ba ta faɗi a dokance a wuraren jama'a ba sai da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964. Haƙƙin kowa ya taka bakin ruwa ba daga sama ya faɗo musu ba, sai da wasu suka yi gwagwarmaya a kansa. Wannan ma yana cikin darasin.

To, ina ruwanmu da tafkin Birjiniya? Ruwanmu shi ne, tunanin da ya haifi wannan turba ba baƙo ba ne a wurinmu, har suna muke da shi. Bahaushe yana da kalmar hurumi, wato filin da aka keɓe a gefen gari wanda ba a nomawa ba a ginawa, aka bar shi domin amfanin kowa. Tushenta ɗaya da kalmar harimi ta malaman fiƙihu, wadda ke nufin sararin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ta yadda zai cutar da masu amfani da wurin. Akwai kuma hima, filin da shugaba ke karewa domin maslahar jama'a, kamar yadda aka yi a Naƙi'i kusa da Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma Rabza a zamanin Sayyidina Umar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda a kan hukuncin filayen da ba su da mai su, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin waɗannan hukunce-hukunce. Tun fiye da ƙarni ɗaya kafin a haƙa tafkin Burke malamanmu suka rubuta cewa akwai ƙasar da ba ta sayarwa ba ce. Ko dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, cewa ta yi ya riƙe su a matsayin amana domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Kalmar amana tana nan a sashe na farko na dokar, sai dai ba kasafai ake tuna ta ba ranar rabon fulotai.

Ruwan ma muna da shi. Tsofaffin biranenmu irin su Kano da Zariya da Katsina cike suke da kududdufai, waɗanda suka samu daga ramukan da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ganuwa. Kowane kududdufi ma'ajiya ce ta ruwan damina. Idan sama ta zubo, can ruwan unguwa ke gangarawa ya kwanta, ya riƙa tsuma cikin ƙasa yana ciyar da rijiyoyi har cikin rani. Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duk sun ambaci ruwan Jakara da ya ratsa tsakiyar birni kusa da kasuwa, kuma duk sun koka da ƙazantarsa. Ashe ciwon ya daɗe. Mun saba juya wa ruwa baya: gidajenmu suna fuskantar titi, magudanar ƙazanta kuma tana fuskantar kududdufi.

Daga nan hanyar mutuwar kududdufi sananniya ce, kowa a cikinmu ya ga an bi ta. Da farko za a maida gaɓarsa bola. Sai ruwan ya yi baƙi, ya yi wari, sauro ya yi gida. Wata rana yaro ya faɗa ya mutu, iyaye su fito suna kukan a raba su da wannan masifa, kuma suna da gaskiya. Sai motocin ƙasa su bayyana da sunan taimako. Kafin shekara ta zagayo an yanka fulotai, an ɗora shaguna. Damina ta gaba ruwa ya zo neman makwancinsa ya tarar da siminti, sai ya shiga ɗakunan mutanen da suka roƙi a cike shi. A ƙarshe unguwa ta rasa ma'ajiyar ruwanta, ta rasa fili ɗaya tilo da ya rage mata wanda ba na kowa ba ne, ribar kuma ta tafi aljihun mutum biyu ko uku da ba a unguwar suke kwana ba. Haka aka yi ta gutsurar zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, haka kuma ake gutsurar filayen makarantu da na idi a garuruwa da dama. Duk filin da ba a ba shi aikin da jama'a ke gani kullum ba, wani zai ba shi nasa aikin.

Ga inda turba ke shigowa. Bakin ruwan da mutane ɗari ke zagayawa kowace safiya yana da masu gadi ɗari da ba a biyan su albashi. Mai zubar da shara zai ji kunyarsu, mai kafa turaku da dare zai san gari na wayewa za a tambaye shi. Turbar Burke tana kare tafkin Burke fiye da kowace katanga, domin ta mai da dubban iyalai masu haƙƙi a kansa.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ita ce uwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma kimanin awa guda a kowace rana, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin abin da ake nufi. Zagaye ɗaya na turba irin ta Burke ya biya mafi yawan bashin mako. Mu kuwa jikokin fataken da suka taka daga Kano zuwa Gwanja neman goro ne, da alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, amma yau daga ƙofar gida sai kan babur, daga babur sai kujerar ofis ko bencin shago. Hawan jini da ciwon sukari sun zama 'yan gida a kusan kowace zuri'a. Likita zai dubi dattijuwa ya ce, "Hajiya, sai kin riƙa ɗan tattaki kullum." Ba ya gaya mata inda za ta yi tattakin, domin shi ma bai sani ba. A gefen titin da 'yan tireda suka cinye, ko tsakanin A Daidaita Sahu da buɗaɗɗiyar kwata? Magidanci yana da kasuwa da masallaci da majalisa da ke fitar da shi. Matar da ke cikin gida, musamman a gidan haya mai tsakar gida kamar tafin hannu, ita ce ta fi kowa asara, kuma ita ce ba a jin muryarta ranar da ake yanke shawarar fili.

Harshenmu ma yana nuna yadda muke kallon tafiyar ƙafa. Wanda ya taka sayyadarsa abin tausayi ne, alamar bai samu na mota ba. Yawo kuwa kalma ce mai ɗauke da zargi: yawon banza, yawon dandi, yawon ta-zubar. Amma a cikin harshen nan dai muke cewa za mu miƙe ƙafa, za mu sha iska, kuma ko doki ba a barinsa a turke sai an fita da shi kilisa. Mun san dabba tana lalacewa idan ba ta motsa ba, muka manta da masu kiwon ta. Duk wanda ya je bakin tafkin Jabi a Abuja da safiyar Asabar, ko ya ga yadda iyalai ke cika dandalin Millennium da aka buɗe a 2003, ko gidan zu na Audu Baƙo a Kano ranar sallah, ya san buƙatar tana nan. Wurin zuwa ne ya yi ƙaranci.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Na farko, mutane na fama da yunwa da rashin tsaro, wane ne ke ta yawon bakin tafki? Amsata ita ce, mai kuɗi ba ya buƙatar wannan turba. Yana da farfajiya, yana da injin gudu a ɗaki, yana da biza. Talaka ne ba shi da ko ɗaya, shi ne kuma kuɗin maganin hawan jini na wata guda ke iya hana gidansa cefane, shi ne ambaliya ke rushe wa ɗaki. Kuɗin kilomita guda na gadar sama zai shimfiɗa burji a bakin kududdufai masu yawa, har a yi canji. Na biyu, za a ce irin waɗannan wurare matattarar shashanci ce. Wannan tsoro yana da tushe, domin mun ga lambunan gwamnati da aka bayar haya suka koma mashaya. Sai dai ɓarna duhu take so da kaɗaici. Wurin da ake buɗewa bayan asuba a rufe kafin magariba, wanda babu lungu a cikinsa, wanda iyaye da kakanni ke cike da shi, ya fi kangon da ke wurin a yanzu tsarki nesa ba kusa ba. Na uku, za a kawo maganar sauro da tsargiya da nutsewar yara. Ita ma gaskiya ce. Tsargiya tana kama wanda ya shiga ruwan da ke da dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayarta, don haka hana iyo da wanka, kamar yadda aka hana a Burke, shi ne rabin maganin. Sauro ya fi son ƙananan ruwaye marasa zurfi da kwatocin da suka toshe, ruwan da ke da kifi kuwa yana rage tsutsarsa. Shinge a gefen ruwa ya fi arha a kan motocin ƙasa dubu.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, kuma ban nemi a kafa sabuwar ma'aikata ba. Kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni ta zaɓi kududdufi ɗaya tak daga cikin waɗanda suka rage. A auna shi, a shata iyakarsa tare da ratar wasu mitoci daga bakin ruwa, a buga a jaridar gwamnati cewa hurumi ne, a kafa allo da taswirarsa a wurin domin kowa ya san iyakar. A karkatar da magudanan ƙazanta daga gare shi, a kwashe bolar. A shimfiɗa burji mai faɗin da keken guragu biyu za su gifta juna, ba tare da matakala ko ɗaya ba. A dasa darbejiya da maɗaci da tsamiya, itatuwan da suka san ranin ƙasarmu. A sa benci, da makewayi na maza da na mata, da famfo, da 'yar rumfar salla. A hana babur shiga. A danƙa kulawar yau da kullum ga kwamitin unguwa ƙarƙashin mai unguwa da limami, da wakilcin mata a ciki, a kuma ware wasu sa'o'i na mata da ƙananan yara kawai idan jama'ar wurin sun ga hakan ya fi musu. Inda akwai babban ruwa a gefen gari, kamar madatsar Kubanni a Samaru ko tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, a keɓe gaɓarsa tun yanzu, kafin gari ya iso shi.

Ga attajiranmu kuma akwai ƙofar waƙafi a buɗe. Mun iya gina masallaci a kusa da masallaci, Allah Ya ba da lada. Amma wanda ya sayi kududdufin unguwarsu ya tsarkake shi, ya dasa inuwa, ya rubuta shi waƙafi ta yadda ko magadansa ba za su iya sayarwa ba, ya bar sadakar da za ta yi ta gudana muddin ruwa na sauka, tsofaffi na takawa, tsuntsu na sha.

Ga 'yan'uwana malamai, musamman na sassan tsara birane da labarin ƙasa, aikinmu shi ne ƙidaya. A tura ɗalibai su auna kududdufan da suka rage, su gwada da tsofaffin taswirori, su rubuta sunan kowanne da tarihinsa daga bakin dattawan unguwa, a wallafa da Hausa inda jama'a za su karanta. Abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ɓata.

Manoman Burke da suka yi shekara bakwai suna jayayya da gwamnatin tarayya gonakinsu suke karewa, ba su san jikokin baƙi daga kowace nahiya za su zo su ci moriyar taurin kansu ba. Mu mun fi su sanin abin da ke gaba, domin muna ganin yadda garuruwanmu ke cika kowace shekara. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da hoton gadar sama, a karɓi hoton da hannu biyu, sannan a tambaye shi inda mahaifiyarsa za ta yi tattakin da likita ya ce ta yi. Idan ya rasa amsa, a nuna masa kududdufin bayan unguwa tun kafin motocin ƙasa su riga shi zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, idan Mai duka Ya kai mu.